Cisco 2513 da akwatin IBM 8228: sharhi ga mai son haɗa rauta da zoben Token Ring a Kano

Rautar Cisco 2513, na'urar da ke haɗa layin sadarwa da wani layin, ta kwana biyu a duniya, akwatin IBM 8228 kuma, wanda ake soka na'urorin Token Ring a jikinsa, ya girme ta, amma har gobe idan aka ba su kebul ɗin da ya dace suna tashi su kama aiki ba gardama. Kebul ɗin nan kuwa shi ne inda gizo ke saƙar. Yawancin masu sayen waɗannan kaya na hannu sukan zuba kuɗinsu a kan rautar, su ɗauka ai waya ko'ina ana samu. Sai an kai kaya gida a tarar ramin da ke bayan rautar da ramukan da ke gaban akwatin ba su yi kama da abin da aka saba gani a Beirut Road ko Farm Centre ba. Hukuncinmu tun daga farko shi ne na'urorin biyu nagartattu ne, sun ci kuɗinsu, da sharaɗin a sayo su tare da wayoyinsu. In babu wayoyin, a bar wa mai kaya kayansa.

Wanda zai ja wa sabon ofis ko makaranta layin kwamfutoci kada ya kalli wannan kaya ko da wasa, domin suwic ɗin Ethernet mafi araha a kasuwa ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Mai shirin jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco ma ba zai ci karo da Token Ring a manhajar yanzu ba. Masu cin moriyarsa su ne malamin da ke koyar da sadarwar kwamfuta a jami'a ko kwalejin fasaha, wanda ke son ɗalibi ya taɓa abin da hannunsa maimakon zane a allo, sai kuma injiniyan da aka damƙa wa tsohuwar na'ura, ko kwamfutar IBM AS/400 ce ko kwamfutar da ke tuƙa wani inji a masana'anta a Bompai, Sharaɗa ko Challawa, wadda ba ta da wata kafar sadarwa sai katin Token Ring, ga shi kuma ana son a riƙa ɗebo bayanai daga cikinta zuwa sauran kwamfutocin ofis.

IBM ne ya fito da Token Ring a 1985 da saurin megabit 4 a daƙiƙa, kafin ƙarshen shekarun 1980 aka samu na megabit 16, ƙa'idarsa kuma ita ce IEEE 802.5. Wani ɗan guntun saƙo mai bayit 3, wato tokin, shi ke zagaya na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ya iso hannunta ita ke da izinin aika bayani, saura su jira nasu zagayen, kamar 'yan adashi, kowa da ranar ɗaukarsa. Shi ya sa ba a samun karon saƙonni irin na tsohon Ethernet. A ido za ka ga kowace na'ura ta ja kebul ɗinta zuwa akwati ɗaya a tsakiya, amma a cikin akwatin layin zobe ne: abin da ya fito daga rami na 1 zai shiga na 2, daga nan na 3, har ya zagayo. Kebul ɗaya mara kyau na iya durƙusar da kowa, kuma duk wahalar da za a sha daga nan take tasowa.

Rautar kanta

Ban da na wuta, ramuka shida ne a bayan 2513. Akwai na Token Ring mai fil tara, DB-9, mace. Akwai na Ethernet mai fil goma sha biyar da ake kira AUI. Sai na siriyal guda biyu masu fil sittin, sai kwansol da AUX, dukansu RJ-45. Tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka ko daga Amurka aka kawo ta ba ta buƙatar taransifoma, igiyar wuta kawai za a sauya. Ƙwaƙwalwarta ba ta wuce megabayit 16 na DRAM da 16 na filash, kuma wadda aka cika mata duka biyun ita ce abin nema, domin ita ke iya ɗaukar IOS, manhajar da ke tafiyar da rautocin Cisco, na jerin 12 ba tare da ƙunci ba. Umarnin show version zai nuna maka adadin, kada ka dogara da takardar da aka liƙa a jikinta.

Tana da 'yan'uwa da ake yawan rikita ta da su. 2502 tana da Token Ring da siriyal biyu amma babu Ethernet, don haka ba za ta haɗa maka zobe da layin ofis kai tsaye ba. 2515 Token Ring biyu gare ta. Ita kuwa 2612 tana da Ethernet da Token Ring duka a ramin RJ-45, kuma in akwatinka mai RJ-45 ne ta fi 2513 sauƙin sha'ani ƙwarai.

Ana shiga ta kwansol, ramin da ake saita rautar daga kwamfuta, da shimfiɗaɗɗen kebul ɗin nan na Cisco mai juyayyun silla, a saurin 9600, bit 8, babu fariti, bit ɗin tsayawa 1. Kayan hannu kan zo da kalmar sirrin tsohon mai shi. A jerin 2500 maganinta shi ne a aika Break cikin daƙiƙa 60 na farko bayan kunnawa, a rubuta o/r 0x2142, sannan i. Za ta tashi ba tare da tsohon saiti ba. In an gama gyara sai a mayar da config-register 0x2102. Wanda ya manta wannan na ƙarshe, duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita zai tarar da rauta fayau kamar ba a taɓa saita ta ba, alhali saitin na nan a ajiye, tsallake shi kawai take yi.

Akwatin 8228

Abin da ya fi burge mu da wannan akwati shi ne ba ya cin wuta. Ba shi da igiya, ba shi da fanka, ba shi da abin da zai ƙone in wuta ta yi tsalle. Ramuka takwas ne na na'urori, sai RI (mashigar zobe) a gefe ɗaya da RO (mafitar zobe) a ɗaya gefen. Bayan kowane rami akwai rile, wato ɗan makunnin da wuta ke motsawa. Idan na'ura na son shiga zobe sai ta turo 'yar wutar DC ta wajen bolt 5 ta cikin kebul ɗinta, rilen ya buɗe, ka ji ƙas. In an kashe na'urar ko wuta ta ɗauke mata, rilen ya koma, zoben ya tsallake ta ya ci gaba. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Aibinsa biyu ne. Na farko, ba shi da fitila ko ɗaya, ba abin da zai nuna maka wane rami ke ciki, wane ne ya kawo matsala. Na biyu, rilolin kan kauce daga mazauninsu saboda jijjigar hanya, kuma kayan da ya sha jirgin ruwa ya sha tirela daga Legas zuwa Kano ya sha jijjiga iya jijjiga. IBM ya yi wani ɗan abu mai batir na bolt 9, Setup Aid, don mayar da su. Za a zare dukkan wayoyi daga akwatin, a cusa shi a rami na 1, fitilarsa ta kama sannan ta dushe, a ɗan jira daƙiƙu kaɗan a zare, a bi sauran bakwai ɗin haka. Rile ɗaya da ya maƙale a buɗe ba tare da na'ura a jikinsa ba ya isa ya yanke zoben, sai a yi ta zargin rauta alhali ba ruwanta. In mai kaya yana da wannan ɗan abin, a haɗa da shi a ciniki.

RI da RO na haɗa akwati da akwati ne kawai. In akwatinka ɗaya ne, ka bar su haka nan, zoben na rufe kansa a ciki. In biyu ne ko fiye, RO na farko ya tafi RI na biyu, haka har RO na ƙarshe ya dawo RI na farko. Wannan kebul na ƙarshe mutane kan bar shi don zoben na tashi ko babu shi, amma shi ne ke ba ka hanyar ko-ta-kwana: in kebul ɗaya tsakanin akwatuna ya lalace, sai a zare shi ta kai biyun, zoben ya naɗe ta ɗaya hanyar. A lura, 8228 ba ya yin wannan da kansa. Muddin lalataccen kebul na soke, zoben na ƙasa. Kada kuma a soka rauta ko kwamfuta a RI ko RO, ba za ta shiga ba.

Kebul

Asalin kebul ɗin wannan tsari shi ne Type 1 na IBM: tagwayen silla biyu na jan ƙarfe, kauri 22 AWG, kowane tagwaye da nasa lulluɓin ƙarfe, sannan saƙaƙƙiyar riga ta rufe su duka, om 150. Yana da kauri da taurin lanƙwasa. Gajerun wayoyin da ke zuwa daga na'ura zuwa bango ko akwati yawanci Type 6 ne, 26 AWG, mai laushi. Kan da ke shiga 8228 wani ƙaton kai ne mai kusurwa huɗu wanda ba mace ba namiji, kowanne na shiga ɗan'uwansa. Abin da 2513 ke buƙata shi ne kebul mai DB-9 namiji a kai ɗaya da wannan ƙaton kai a ɗayan.

Silla huɗu ne a ciki. Ja da kore su ke karɓa, suna kan fil na 1 da na 6 a DB-9. Ruwan lemo da baƙi su ke aikawa, suna kan fil na 9 da na 5. Ƙaton kan yana da wata dabara: in ba a soke yake ba, wasu ƙananan ƙarafa a cikinsa na haɗe ja da ruwan lemo, su haɗe kore da baƙi. Wannan ya ba ka hanyar gwada kebul da mita tun a gaban mai kaya. Ka sa mitar a wurin ƙara, ka bar ƙaton kan a sake, ka taɓa fil na 1 da na 9 a DB-9, dole ta yi ƙara. Na 5 da na 6 ma haka. Na 1 da na 5 kuwa shiru ake so, haka tsakanin kowane fil da ƙarfen jikin kan. Kana gwadawa kana lanƙwasa kebul ɗin daidai wuyan kai, domin nan ne sili ke karyewa a ciki roba ta rufa masa asiri. Ka duba robar kan da maƙallinsa ma. Roba ce da ta shekara talatin ko fiye, zafi ya gasa ta, in ta tsage kan ba ya zama daram a rami, motsi kaɗan sai na'ura ta fita daga zobe ta sake shiga.

Type 1 ba kayan da ake ajiyewa a kanti ba ne yanzu, saboda haka da yawa za su koma ga Cat5e, wanda ake samu da kwali mai mita 305 ko a yanka maka iya buƙata. Yana aiki, amma da sharuɗɗa. Cat5e om 100 ne, ramin DB-9 na rautar kuma om 150 yake tsammani. Tsakaninsu ana sa ɗan abin da aka rubuta media filter a jikinsa, DB-9 a gefe ɗaya, RJ-45 a ɗayan. Yana daidaita bambancin, yana kuma tace hayaniyar sigina. A karanta jikinsa da kyau, akwai tsofaffi na megabit 4 kaɗai, abin nema shi ne mai 4/16. A ɓangaren 8228 kuma sai an sa balun, wani ɗan mahaɗi mai daidaita om, mai ƙaton kai a gefe ɗaya da RJ-45 a ɗayan. Ka ga kenan kowace na'ura na buƙatar ƙarin abu biyu, kowanne kuma wuri ne da matsala za ta iya ɓuya. Wanda ya san da Cat5e zai yi aiki, gara ya nemi akwati mai ramukan RJ-45 tun asali, irin IBM 8226, sai dai shi yana buƙatar wuta.

Akwai masu ɗaukar kan DB-9 na siriyal mai ramin RJ-45 su jera silla da kansu: fil na 4 na RJ-45 zuwa na 1, na 5 zuwa na 6, na 3 zuwa na 5, na 6 zuwa na 9. Jerin daidai ne, kuma a kan tebur da kebul na mita biyu ko uku yakan tashi. Amma ba filta ba ne, bai daidaita komai ba. Da an ƙara tsawo ko an koma megabit 16 sai kurakurai su fara taruwa. Don gwaji ya wadatar, don aikin da za a dogara da shi a'a.

A kan RJ-45, Token Ring na aikawa ta fil na 3 da na 6, yana karɓa ta na 4 da na 5. Ethernet na megabit 10 da 100 kuwa 1, 2, 3 da 6 yake amfani da su. Wannan bambanci ne ke kayar da masu matse kai da yawa. Kebul miƙaƙƙe da aka jera bisa T568B da silla takwas cif zai yi aiki, domin koren tagwaye na kan 3 da 6, shuɗi na kan 4 da 5. Amma siraran wayoyin nan da ke zuwa cikin kwalin ƙananan rautocin gida, da yawansu silla huɗu ne kawai a ciki, babu komai a kan 4 da 5. A kan laftof suna aiki lafiya lau, a kan zobe ko motsi. Ka ɗaga kan ka kalli haske ka ƙirga sillan. Kebul mai giciye na Ethernet ma ba shi da amfani a nan, kuma ba a haɗa rauta biyu baki da baki, dole sai da akwati a tsakiya ko da na'urori biyu ne kacal.

Kuskuren da ya fi wuyar ganewa shi ne na mai matse kai da ya jera launuka yadda ya ga dama, yana cewa ai tunda kai biyun iri ɗaya ne shi kenan. Sai 3 da 4 su faɗa tagwaye ɗaya, 5 da 6 su faɗa wani. Ƙaramar testar nan mai fitilu takwas za ta nuna komai daidai, don ita haɗuwar sili kawai take dubawa. Amma aikawa da karɓa sun cakuɗe a murɗi ɗaya, sigina na tsallakawa daga wannan zuwa wancan. A megabit 4 da gajeren kebul ƙila a sha, a 16 zoben zai riƙa faɗuwa yana tashi ba tare da wani dalili da ido zai gani ba. Magani shi ne a yanke kan a sake matsewa bisa ƙa'ida, kuma kada a warware murɗin fiye da milimita 13.

Sai batun ingancin kebul ɗin kansa. Kasuwa cike take da Cat5e da Cat6 na alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wani an rubuta CCA a kwalin, wani ba a rubuta ba. Araha ba ta ado. Ka kankare sili ɗaya da reza, in ciki fari ne to alminiyon ne. Ya fi jan ƙarfe tauye wuta, yana kuma karyewa a cikin kai bayan 'yan watanni. A Token Ring illarsa biyu ce, domin ban da sigina, wutar da ke riƙe rile a buɗe ma ta cikinsa take bi.

Game da tsawo, abin da aka saba bi shi ne mita 100 daga na'ura zuwa akwati a kan Type 1, da na'urori har 260 a zobe ɗaya. A kan tsohon kebul mara lulluɓi irin na tarho, Type 3, adadin na sauka zuwa 72, tsawon ma ya ragu sosai. Amma akwai abin da lissafin mita kaɗai ba ya nunawa. 8228 ba ya ƙara wa sigina ƙarfi, na'urorin da ke kunne su ke karɓa su sabunta shi su miƙa gaba. Saboda haka zobe mai dogayen wayoyi da akwatuna da yawa zai iya yin lafiya da rana lokacin da kowa ke kunne, ya ƙi tashi da sassafe lokacin da na'ura ɗaya ce tak za ta tura sigina ya zagaye dukkan akwatunan ya dawo mata. In ka ga wannan alama kada ka taɓa saitin rauta. Ka rage tsawo, ko ka sauke kowa zuwa megabit 4, ko ka raba zoben biyu.

Saiti da shiga zobe

Saitin kansa gajere ne:

interface tokenring 0
ip address 192.168.20.1 255.255.255.0
ring-speed 16
no shutdown

Layin ring-speed shi ne mai haɗari. Dole ya zo daidai da saurin duk sauran na'urorin. In zoben na kan 16 ka shigo da rauta a kan 4, ba ita kaɗai za ta kasa ba, kowa zai faɗi har sai an zare ta. A tabbatar da saurin kafin a soka kebul. A kan 16 ana iya ƙara early-token-release, wanda ke sa na'ura ta saki tokin da zarar ta gama aikawa ba sai firam ɗinta ya zagayo ba. In kuma zoben na da tsofaffin gadoji, na'urorin da ke haɗa zobe da zobe, masu bin hanyar da mai aikawa ya zayyana, sai an ƙara multiring ip kafin rautar ta ga na'urorin da ke ƙetaren gadar.

Bayan no shutdown rautar na bin matakai biyar, kuma sanin su shi ne rabin gyara. Da farko tana gwada kebul ɗinta, ta aika sigina ya je rufaffen rile ya dawo. Sannan ta tura wutar buɗe rile, a nan ne za ka ji ƙas, ta saurara ko akwai na'urar da ke lura da zoben. In ba ta ji kowa ba cikin daƙiƙa 18 sai ta nemi muƙamin da kanta, shi ya sa rautar da ke ita kaɗai a akwati takan ɗan jima kafin ta nuna up, kada a yi gaggawar zare kebul. Mataki na uku ta tabbatar babu mai adireshin MAC, wato lambar shaidar katin sadarwa, irin nata. Na huɗu ta san maƙwabciyarta ta sama, wadda take karɓa daga gare ta. Na biyar ta nemi sauran bayanan zoben. Daga nan mai lura da zobe na aika sanarwarsa duk daƙiƙa 7.

To, in show interfaces tokenring 0 na ta yawo tsakanin initializing da reset kuma ba ka ji ƙas ba, ba a wuce matakin farko ba: kebul ne, ko filta, ko ba a soke da kyau ba. In saƙon wire fault ya fito a kwansol, wutar riƙe rile ce ta ga yankewa ko haɗewar silla, nan ma kebul ne. In ka ji ƙas, jim kaɗan ka sake jin ƙas ta fita, ka fara zargin sauri, sannan maƙalallen rile a wani ramin. Kalmar beaconing na nufin wata na'ura ta daina jin ta sama da ita tana ta shela. Laifin na tsakanin mai shelar, maƙwabciyarta ta sama, da wayoyinsu biyu. Tunda akwatin ba fitila, sai a bi da hannu: a zare kowa, a bar rautar ita kaɗai ta tashi, a riƙa mayar da su ɗaya-ɗaya ana jira rabin minti tsakani, wadda ta kayar da zoben ita ce. Umarnin show controllers token na nuna ƙididdigar kurakurai. 'Yan kaɗan a duk lokacin da wata na'ura ta shiga ko ta fita ba komai ba ne, rile ne ya katse layin na ɗan ƙiftawa. Waɗanda ke hauhawa alhali ba mai shiga ba mai fita su ne abin bincike.

Wasu katunan kwamfuta masu gane sauri da kansu ba sa yarda su zama na farko a zobe, don ba su da wanda za su kwaikwaya. A riƙa kunna rautar tukuna.

Ɓangaren Ethernet

Ramin AUI na buƙatar ƙaramar taransiba mai RJ-45, a kulle ta da ɗan ƙarfen da ke zamewa, in ba haka ba nauyin kebul zai riƙa janye ta. Megabit 10 ne, kuma ba ta aikawa da karɓa lokaci guda, don haka a bar ramin suwic ya gane da kansa ko a saita shi haka. Injin cikin rautar Motorola 68030 ne, ba za ta cika maka megabit 16 da ƙananan fakiti ba. Don ɗebo rahoto ko shiga tsohuwar na'ura ta wadatar. Kada dai a sa ta fuskantar intanet kai tsaye, Cisco ya daɗe da daina fitar mata da gyaran tsaro.

Shawararmu a ba kowane ɓangare nasa rukunin adireshin IP, rautar ta yi aikinta na rauta. Haɗa su ta gada na jawo ciwon kai, domin Token Ring na karanta bit ɗin kowane bayit na adireshin MAC ta kishiyar yadda Ethernet ke yi: adireshin Cisco da ya fara da 0000.0c a wannan gefe zai bayyana 0000.30 a wancan. Sai iyakar girman fakitin saƙo, wato MTU. Cisco na sa bayit 4464 a kafar Token Ring, Ethernet kuwa 1500 ne. Alamar wannan matsala ita ce ping na tafiya, ƙananan saƙonni na wucewa, amma babban fayil ya tsaya cak a hanya. A sauke MTU na kwamfutocin zoben zuwa 1500.

Kwamfutar da za ta shiga zoben ma sai an yi mata tanadi. Katunan PCI na IBM, Madge da Olicom su ne aka fi samu, amma Linux ya cire tallafin Token Ring tun daga kanel 3.5 a 2012, saboda haka sai tsohon Linux ko Windows XP, a kan uwar allo mai ramin PCI na da.

Zafi, ƙura da tsawa

An ƙera jerin 2500 don ɗakin da bai wuce digiri 40 ba, Kano kuwa a watan Afrilu takan kai hakan a waje, balle ɗakin kwano da aka rufe. Fankarta ƙarama ce kuma ta tsufa. In ka kunna ba ka ji ta ba, ko tana gurnani, a sauya ta kafin a ɗora mata aiki, a kuma bar mata sarari ta sha iska. Da hunturu a buɗe murfi a hure ƙura da busasshiyar iska, ramukan akwatin da ba a amfani da su kuma a rufe su, domin ƙurar da ta kwanta a kan ƙarafan ƙaton kai na kawo kurakuran da ke zuwa su tafi. A sa rautar a kan UPS ko inbata. In ita ce mai lura da zobe, kowace ɗaukewar wuta na tilasta sabon zaɓe, kuma lokacin juyawa zuwa janareta duk na'urori kan yi rububin shiga a tare.

Lulluɓin Type 1 ba ya aiki sai an haɗa shi da ƙasa ta jikin rak, rak ɗin kuma da sandar ƙasa ta gaske, ba wadda aka soka a busasshen yashi aka manta ba. Tsakanin gini da gini kada a ja jan ƙarfe ko wane iri ne. Bambancin wutar ƙasa na gine-ginen biyu zai bi ta lulluɓin, tsawar damina kuma ta nan take shigowa. Wannan aikin faiba ne.

Wajen ciniki, kada a biya sai an haɗa komai a teburin mai kaya an ga TokenRing0 is up, line protocol is up, sannan a zagaya da kebul ɗin ramuka takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya ana jin ƙas a kowanne. A nemi aƙalla kebul uku masu DB-9 da ƙaton kai, biyu na aiki ɗaya na ajiya, da taransiba, da kebul ɗin kwansol. Duk wanda babu a cikin waɗannan sai an yi odarsa daga waje a jira makonni, kuɗin aikowa kuma kan fi kuɗin abin kansa, saboda haka a cire shi daga farashin tun a wurin.